Levittown: Garin da aka gina wa gidaje 17,447, aka bar wa iyaye ɗawainiyar makarantu

A cikin mako guda na watan Yunin 1982, manyan kotuna biyu a Amurka sun yanke hukunci kan makarantun gari ɗaya. Ranar Laraba 23 ga wata, kotu mafi girma a jihar New York ta yi watsi da ƙarar da hukumar makarantun Levittown ta jagoranta, wadda ke neman a sauya yadda ake samar da kuɗin ilimi a jihar baki ɗaya. Bayan kwana biyu, ranar Juma'a, Kotun Ƙolin Amurka da ke Washington ta bayyana nata hukuncin kan wasu littattafai da wata hukumar makarantu ta daban, a wannan garin dai, ta kwashe daga ɗakunan karatun ɗalibai.

Shari'a ta farko kan kuɗi ce, ta biyu kuma kan iko. Amma saiwarsu ɗaya ce, kuma an dasa ta tun shekaru 35 kafin nan, lokacin da wani kamfanin gine-gine ya mayar da gonakin dankali gari cikin shekara huɗu. Kamfanin ya sayar wa tsofaffin sojoji gidaje da rahusa, ya bar su da tambayoyin da babu su a takardar ciniki: wa zai gina makarantun 'ya'yansu, wa zai biya malamai, kuma wa zai faɗi abin da yaran za su karanta?

Gonar dankali ta zama gari

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Amurkawa kimanin miliyan 16 da suka sa kaki suka fara komawa gida. Sai gidan kansa ya zama matsala. Shekarun karayar tattalin arziki da na yaƙi sun kusan tsayar da aikin gini, don haka sababbin ma'aurata da dama suka raɓe a gidajen iyaye da na surukai. Maimakon gwamnatin tarayya ta gina gidajen da kanta, sai ta tsaya wa masu saye a gaban bankuna. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944, tare da Hukumar Gidaje ta Tarayya da aka kafa tun 1934, sun ba bankuna tabbacin cewa idan mai gida ya gaza biyan bashi, gwamnati za ta rage musu asarar. Da wannan tabbaci banki ya yarda ya ba matashin da babu ko sisi a ajiyarsa rancen da zai yi shekaru da dama yana biya.

Waɗanda suka fi kowa cin gajiyar wannan dama su ne Abraham Levitt da 'ya'yansa biyu, William da Alfred. Sun sayi gonakin dankalin Turawa a wani ƙauye mai suna Island Trees, a yankin Nassau na tsibirin Long Island, kimanin kilomita 40 gabas da tsakiyar birnin New York. William, wanda ya yi aiki da rundunar magina ta sojan ruwa lokacin yaƙi, ya raba aikin gina gida zuwa matakai 27. Kowace tawagar ma'aikata abu ɗaya ta sani: wannan ta zuba daɓen kankare, waccan ta kafa katako, wata ta yi rufi, wata fenti. A masana'antar mota, motar ce ke tafiya ma'aikata suna tsaye. A nan kuwa gidan ne ke tsaye, ma'aikata suna bin sa layi-layi. Lokacin da aikin ya kankama, ana kammala gidaje kusan 30 a rana.

Iyalai 300 na farko sun tare ranar 1 ga Oktoban 1947, a matsayin 'yan haya, kan dala 60 a wata. Zuwa 1949 kamfanin ya koma sayarwa, gida ɗaya dala 7,990, da firiji da murhu da injin wanki a ciki. Abin da mai gida ke biyan banki duk wata bai wuce kuɗin hayar da ya saba biya ba. Da aka aza rufi na ƙarshe a 1951, gidajen sun kai 17,447, kuma sunan maginin ya maye gurbin tsohon sunan ƙauyen.

Kamfanin ya yi tituna, ya dasa itatuwa, ya gina wuraren ninƙaya da 'yan rukunin shaguna da zauren taro. Ginin makaranta da ɗaukar malamai kuwa, doka ba ta ɗora masa su ba, shi ma bai ɗauka ba.

Gidajen sun cika da yara

Kusan duk waɗanda suka tare matasa ne masu sabon aure. Tsakanin 1946 da 1964 an haifi yara kimanin miliyan 76 a Amurka, kuma Levittown na cikin wuraren da abin ya fi bayyana, har masu barkwanci suka laƙaba wa garin suna kejin zomaye. A tsohon gari, yara da matasa da tsofaffi a cakuɗe suke, makaranta na karɓar ɗalibai kaɗan-kaɗan kowace shekara. A Levittown kuwa dubban yara sun isa shiga aji ɗaya kusan a lokaci guda, suka isa sakandare kusan a lokaci guda.

Ga mai karatu da ya saba da tsarinmu, inda albashin malamin firamare ke fitowa daga kason ƙaramar hukuma na asusun tarayya, tsarin Amurka zai zo masa da baƙunta. A can, makarantun gwamnati na hannun abin da ake kira gundumar makarantu. Gunduma ce mai iyaka tata, wadda ba lallai ta yi daidai da iyakar gari ba. Mazauna gundumar ne ke zaɓen mambobin hukumar da ke tafiyar da ita, akasari maƙwabtansu ne da ke aikin ba albashi. Hukumar ce ke ɗaukar shugaban makarantu da malamai, ita ke tsara kasafi, ita ke ɗora haraji kan gidaje da filaye da gine-ginen kasuwanci da ke cikin iyakarta. Jiha na ƙara nata tallafin. Abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa a mafi yawan shekaru bai cika kashi ɗaya cikin goma ba.

Iyakokin gundumomin da Levitt ya tarar an ja su ne domin ƙauyukan manoma masu 'yan yara kaɗan. Da ya shimfiɗa garinsa a kansu, sai ya faɗa cikin gunduma fiye da ɗaya. Har yau yaran Levittown sun rabu tsakanin gundumar Levittown, da ta Island Trees, da ta East Meadow. Yara biyu da titi ɗaya ya raba gidajensu na iya zuwa makarantu daban, ƙarƙashin hukumomi daban, iyayensu na biyan haraji daban.

A shekarun farko, ajujuwa suka kasa. Aka koma karatun safe da na yamma, rabin yara su tashi rabi su shiga. Hukumomin suka riƙa cin bashi suna gina makaranta bayan makaranta, kuma kowane bashi sai mazauna sun amince da shi ta hanyar ƙuri'a, domin daga aljihunsu za a biya. Tsohon sojan da ya yi murnar samun gida kan kusan dala 60 a wata ya gano cewa akwai wata takarda ta biyu da ke zuwa kowace shekara, kuma ita ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Lissafin da ya ƙi fita

Matsalar Levittown ta wuce yawan yara. Gari ne na kwana kawai. A wancan lokacin mazauna kan fita da safe zuwa birnin New York ko masana'antun jiragen sama da ke wasu garuruwan Long Island, su dawo da yamma. Babu babbar masana'anta a cikinsa, babu manyan ofisoshi. Masana'anta kuwa abin so ce ga gundumar makarantu, domin tana biyan haraji mai tsoka, ba ta kuma aiko da yaro ko ɗaya aji. Ƙaramin gida mai ɗakin kwana biyu yana biyan ɗan haraji kaɗan, ya aiko da yara uku.

Misali zai sauƙaƙa zancen. A ɗauka gundumomi biyu ne. A ta farko, idan aka raba darajar dukkan kadarorin da ke cikinta da yawan ɗalibai, kowane ɗalibi zai tashi da dala 100,000. A ta biyu, dala 25,000. Kafin a tara wa kowane yaro dala 1,000, gunduma ta farko kashi ɗaya cikin ɗari kawai za ta ɗora, ta biyu kuwa sai ta ɗora kashi huɗu. Mutanen gunduma ta biyu sun ninka maƙwabtansu wahala sau huɗu, amma abin da ya isa aji daidai yake. In kuma suka gaji suka tsaya a kashi biyu, yaransu za su samu rabin abin da yaran maƙwabta suka samu. Levittown tana cikin irin gunduma ta biyu.

Kamfanin Levitt kansa ya ɗauki darasi daga wannan. Bayan ya gina Levittown ta biyu a jihar Pennsylvania daga 1952, sai ya fara ta uku a jihar New Jersey a 1958, garin da a yau ake kira Willingboro. A can ya sayi filin gaba ɗaya cikin ƙaramar hukuma guda, ya gina makarantun da kansa, ya cusa kuɗin ginin cikin farashin gidajen. Masanin zamantakewa Herbert Gans, wanda ya sayi gida ya zauna a garin domin nazari, ya rubuta labarin a littafinsa The Levittowners na 1967. Sai dai gyaran bai koma baya ya taɓa garin farko ba.

Shari'ar kuɗi

A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a wata shari'a daga San Antonio ta jihar Texas, ta yanke da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu cewa tsarin mulkin tarayya bai hana bambancin kuɗi tsakanin gundumomin makarantu ba. Wannan ya rufe ƙofar Washington. Abin da ya rage shi ne kotunan jihohi.

A 1974 gundumar Levittown da wasu gundumomi 26 masu ƙarancin kadara suka maka jihar New York a kotu, ƙarar na ɗauke da sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Ewald Nyquist. Daga baya manyan birane huɗu suka shigo: New York, Buffalo, Rochester da Syracuse. Hujjarsu ita ce bai kamata darajar gidajen unguwa ta zama ma'aunin ilimin da yaro zai samu ba. Kotun farko ta ba su gaskiya a 1978, kotu ta biyu ma haka.

Ana cikin wannan shari'a, tura ta kai bango a gida. A watan Satumban 1978 malaman gundumar Levittown suka tsunduma yajin aiki kan albashi da sharuɗɗan aiki, makarantu suka kasance cikin rikici sama da wata guda. A jihar New York, dokar Taylor ta 1967 ta haramta wa ma'aikatan gwamnati yajin aiki, kuma duk ranar da ma'aikaci ya ƙaurace wa aiki, albashin kwana biyu ake yanke masa. Shugaban ƙungiyar malaman har kurkuku ya shiga. Abin da ya ƙara wa rikicin zafi shi ne babu wani attajiri a ɗaya ɓangaren. Malamai na neman haƙƙinsu ne daga hannun direbobi da 'yan sanda da ma'aikatan masana'anta, waɗanda su ma harajin ya ishe su.

Hukuncin ƙarshe ya zo ranar 23 ga Yunin 1982. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta New York, wadda ita ce ƙololuwa a jihar, ta amince cewa bambancin na nan kuma babba ne. Amma ta ce tsarin mulkin jihar bai wajabta daidaito ba, abin da ya wajabta shi ne a ba kowane yaro ingantaccen ilimi na tushe. Ta ƙara da cewa barin jama'a su tafiyar da makarantunsu, har su kashe fiye da maƙwabta in suna da hali, manufa ce halastacciya, kuma gyaran tsarin aikin majalisa ne. Levittown ta faɗi bayan shekara takwas tana kai-kawo.

Faɗuwar ba ta tafi a banza ba. Wannan jumla ta ingantaccen ilimi na tushe ce wata ƙungiyar masu fafutuka ta riƙe a 1993, ta shigar da sabuwar ƙara a madadin yaran birnin New York. A 2003 kotun ta yarda cewa jihar ta gaza sauke wannan nauyi, a 2006 ta ƙayyade ƙarin aƙalla dala biliyan 1.93 a shekara ga makarantun birnin, a 2007 kuma majalisar jihar ta fito da sabon tsarin rabon tallafi.

Shari'ar littattafai

Ikon da kotu ta ce a bar wa jama'a, a gundumar Island Trees da ke maƙwabtaka aka ga ɗaya fuskarsa. A watan Satumban 1975 wasu mambobi uku na hukumar makarantun suka halarci taron wata ƙungiyar iyaye masu ra'ayin riƙau, suka dawo da jerin littattafan da aka ce ba su dace da yara ba. A watan Fabrairun 1976 hukumar ta ba da umarni a kwashe waɗanda aka samu a makarantunta. Ta bayyana su a matsayin masu ƙin Amurka, masu ƙin Kiristanci, masu ƙin Yahudawa, kuma masu batsa.

Cikin jerin akwai Slaughterhouse-Five na Kurt Vonnegut, tsohon sojan da ya shaida ruwan bama-baman birnin Dresden yana fursunan yaƙi. Akwai Black Boy na Richard Wright, da Soul on Ice na Eldridge Cleaver, da wani tarin gajerun labaran baƙaƙen marubuta da Langston Hughes ya tattara. Akwai kuma The Fixer na Bernard Malamud, Bayahuden marubuci, wanda labarinsa kan zaluncin da aka yi wa wani Bayahude ne a Rasha, kuma ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 1967.

Da hayaniya ta tashi, hukumar ta naɗa kwamitin iyaye huɗu da ma'aikatan makaranta huɗu su duba littattafan. Kwamitin ya ba da shawarar a mayar da da yawa daga ciki. Hukumar ta yi fatali da mafi yawan shawarar, ta tabbatar da cire tara. Sai wani ɗalibi ɗan shekara 17, Steven Pico, da wasu ɗalibai huɗu suka garzaya kotu a farkon 1977.

Hujjar hukumar tana da ƙarfinta. Jama'a ne suka zaɓe ta, jama'a ne ke biyan kuɗin kowane littafi da ke kan kanta, to don me wani alƙali da ke nesa zai hana su tantance abin da 'ya'yansu za su karanta? Alƙalai huɗu na Kotun Ƙoli, har da Alƙalin Alƙalai Warren Burger, sun karkata ga wannan ra'ayi. Amma Mai Shari'a William Brennan, wanda ya rubuta babban ra'ayin ɓangaren da ya yi rinjaye, ya ce ikon hukumar na da iyaka: tana iya cire littafi saboda batsa ko rashin dacewa da karatu, amma ba don kawai ra'ayin da ke cikinsa bai yi mata daɗi ba. Ƙuri'a ta biyar, ta Mai Shari'a Byron White, ta tsaya ne kan a mayar da shari'ar ƙasa a binciki ainihin dalilin hukumar. Hukumar ba ta jira binciken ba, ta mayar da littattafan. Har yau, duk lokacin da rikicin cire littattafai ya taso a wata makarantar Amurka, wannan shari'a ce lauyoyi ke fara buɗewa.

Yaran da ba su samu shiga ba

Akwai yaran da duk wannan bai shafe su ba, domin tun farko ba a bar iyayensu sun shigo garin ba. Takardun hayar Levittown na farko na ɗauke da sharaɗin cewa farar fata kaɗai zai zauna a gidan, in ban da masu aikin gida. Hukumar Gidaje ta Tarayya a lokacin tana goyon bayan irin wannan sharaɗi. A 1948 Kotun Ƙoli ta ce kotuna ba za su tilasta bin sa ba, aka cire shi daga takarda, amma kamfanin ya ci gaba da ƙin sayar wa baƙaƙe. William Levitt, wanda shi kansa Bayahude ne, ya kare matakin da cewa zai iya magance matsalar gidaje ko ta wariyar launi, amma ba duka biyun a haɗe ba. Baƙar fatar da ya yi yaƙi kamar kowa, ya dawo da takardar sallama irin ta kowa, bai samu gida a Levittown ba.

Tun da makaranta na bin adireshin gida, sharaɗin da aka rubuta kan gida ya zama sharaɗi kan aji. Lokacin da Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954, hukuncin bai tarar da dokar da zai soke a Levittown ba, domin taswira ta riga ta yi aikin. A ƙidayar 2010, shekaru 42 bayan dokar tarayya ta 1968 da ta hana wariya wajen sayar da gidaje, baƙaƙen fata ba su kai kashi biyu cikin ɗari na mazauna garin ba.

Yankin Nassau kaɗai na da gundumomin makarantu 56, tsibirin Long Island gaba ɗaya sama da 120. Tafiyar 'yan mintuna a mota daga Levittown akwai gundumomin Hempstead da Roosevelt, inda akasarin ɗalibai baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka. A 2002 gwamnatin jihar ta karɓe ragamar gundumar Roosevelt saboda taɓarɓarewar karatu da kuɗi, ba ta saki ba sai 2013. A ɗaya gefen kuma, gidan da aka saya dala 7,990 a Levittown ya zama kadarar dubban ɗaruruwan daloli, wadda iyalai suka ci bashi a kanta suka tura 'ya'ya jami'a, suka kuma bar wa jikoki gado.

Bayan guguwar ta wuce

Yaran da suka cika ajujuwa lokaci guda, lokaci guda kuma suka girma suka watse. Iyayensu suka tsufa a gidajen. Gundumar da ta yi shekaru tana gini ta koma rufewa. A 1983 aka rufe sakandaren Levittown Memorial, ginin ya koma ofisoshin gundumar, aka bar sakandare biyu, Division Avenue da General Douglas MacArthur. Garin na da mutane kimanin 52,000 a ƙidayar 2020, kuma da wuya ka ga gidan da ke nan yadda Levitt ya bar shi, kusan kowa ya ƙara ɗaki ko bene.

Tsarin kuɗin dai bai sauya daga tushe ba. Fiye da rabin harajin kadara da mai gida ke biya a Long Island makarantu yake tafiya. A 2011 jihar ta kafa dokar da ta taƙaita ƙarin harajin da gunduma za ta iya yi a shekara zuwa kimanin kashi biyu cikin ɗari ko gwargwadon hauhawar farashi, wanda duk ya fi ƙanƙanta, sai in kashi 60 cikin ɗari na masu ƙuri'a sun yarda a haura. Idan aka ƙi kasafi sau biyu, gunduma ba ta da ikon ƙara ko dala ɗaya kan harajin bara, sai dai ta rage wasanni ko darussan kiɗa ko yawan malamai.

Kowace shekara, ranar Talata ta uku a watan Mayu, ake buɗe rumfunan zaɓe a makarantun Levittown da na Island Trees. Mai yara uku a firamare da dattijuwar da autanta ya gama sakandare shekaru 40 da suka wuce kan tsaya a layi ɗaya. Abu biyu ke kan takardar da za a miƙa musu: ko sun amince da kasafin makarantu na shekara mai zuwa, da kuma sunayen maƙwabtan da ke neman kujerar hukumar da za ta kashe shi.